Gaisuwa Uku a Lyon

Ni dai ban je Faransa ina jahili ba, kuma abin da har yau yake ƙona mini rai ke nan. Shekaru na yi ina koyar da Turanci a wata kwaleji a Zariya, fannin da na ƙware a kai kuwa shi ne kalmomin da Bature yake jera mutane da su hawa-hawa. Ko daga barci aka tashe ni zan karanto su. Akwai "upper class" can ƙololuwa, waɗanda suka gaji ƙasa da suna. Akwai "middle class" a tsakiya, wadda ita ma Bature bai ƙyale ta ba sai da ya yanka ta uku, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa. Sai "working class", masu ci da guminsu, sai "underclass", waɗanda ba a cika tunawa da su ba sai an yi tarzoma. Na san abin da ya raba "gentry" da "nobility", na san dalilin da ya sa ake kiran ma'aikacin ofis mai farar kwala, lebura kuma mai shuɗiya. Ɗalibaina har laƙabi suka liƙa mini, wai Malam Hawa-hawa. Nakan ce musu mu ma muna da namu, sarakuna da attajirai da malamai da talakawa, sai dai Bature ya fi mu son yanka abu ƙanana-ƙanana. Da wannan ilimi na sauka Paris don yin digiri na biyu na shekara guda, da niyyar in ɗora na uku a kai. Na tabbata duk inda aka jefa ni, kallo ɗaya zan yi in gane babba da ƙarami.

Ɗakin kwana ne ya fara kwance mini kai. Wani dillali da aka haɗa ni da shi ta waya ya ce ya samo mini ɗaki a can saman bene, a tsakiyar gari. A wurinmu wa yake kwana a saman bene in ba mai gida ba? Har na kira matata Hadiza na ce mata mijinta ya shiga sahun manya tun bai fara karatu ba. Da na isa, gidan kuwa gida ne, ƙofar gaba da jan kafet da lif mai madubi. Na ɗaga ƙafa ke nan zan shiga, sai matar da ke gadin gidan ta tare ni, ta nuna mini wata 'yar ƙofa ta baya kusa da kwandunan shara. Matakala ce siririya mai juyawa, na yi ta hawa da akwati a ka har hawa na ƙarshe. Ashe ɗakunan 'yan aikin masu gida ne na zamanin da. In na yi sujada sai tafin ƙafata ya taɓa ƙofa. Ban ɗaki ɗaya ne ga duk mutanen hawan, taga kuma a rufi take, ba abin da nake hange sai gajimare da cikin tattabaru. Masu hali suna can ƙasa, mu 'yan kallo muna sama. Dillalin kuwa tun daga ranar wayarsa ta daina shiga.

A Barbès, wata unguwar baƙi a Paris, Allah ya haɗa ni da Alhaji Usmanu. Na je gyaran waya a wani shago da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ina tsaye ina ta masifa ni kaɗai da Hausa, sai dattijon da ke zaune a kan kujera bakin ƙofa ya ɗago kai.

“Subhanallahi. Malam, mi ya yi zahi haka da sahe?”

Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Mutumin Maraɗi ne, ya daɗe a ƙasar har gemunsa ya yi fari a cikinta. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, irin wadda rabona da ita tun gida, ya tambayi gajiya da sanyi da iyali da mutanen Zazzau ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Da ya ji labarin ɗakina ya yi dariya har da tari. Kafin mako ya zagayo ya sa na kwashe kayana na koma gidansa a Bobigny, can bayan gari, ya ba ni katifa a falo, uwargidansa kuma ta riƙa ajiye mini tuwo a kwano mai murfi. Ba dangin iya ba na baba. Har gobe ina yi wa mutanen gidan nan addu'a.

Shi ne kuma ya samo mini aikin dako a Rungis, babbar kasuwar da ke ciyar da Paris, inda nake jidar akwatunan kabeji da albasa kafin in wuce makaranta. A can ma ilimina ya sake ba ni kunya. Akwai wani mutum mai tsaf-tsaf, kullum da gyale a wuya da takalmi mai ƙyalli, na yanke cewa shi ne mai wurin. Na yi makonni ina rusuna masa. Wani kuma gajere mai tumbi, rigarsa duk dauɗa, kullum da tsintsiya a hannu, har nakan miƙa masa kwalin da ya yage in ce ya zubar. Sai daga baya wani ɗan Mali ya ja ni gefe ya gaya mini mai gyalen direba ne na haya, mai tsintsiyar kuwa shi ne mai rumfar da motocin duka. Na ce to wace irin ƙasa ce wannan? A garinmu babba yana taimakonka, yana sa babbar riga don ka gane shi. Ko Baturen Ingila da na karanta, da ya buɗe baki ka san hawansa. Amma waɗannan sun ɓoye manyansu cikin tsumma, sannan in ka yi kuskure kai ne marar tarbiyya.

Wajen tsakiyar shekara aka yi wani taron masana a makarantarmu, aka ba ni dama na gabatar da aikina. Bayan an tashi wata mata ta zo ta same ni. Doguwa ce mai furfura, rigar sanyinta ta huje a gwiwar hannu, ga hular keke rataye a jakarta. Da Rungis ba ta riga ta koya mini hankali ba, da na ɗauka mai shara ce. Farfesa ce daga Lyon, sunanta Helen, kuma a duk ƙasar ba wanda ya kai ta a fannin nan nawa. Ta yaba aikin da Turanci mai daɗi, ta ce in na biyo ta Lyon in leƙo ofishinta. A ranar na ji ana cewa gurbi ɗaya tak take da shi na digiri na uku a shekara mai zuwa, da tallafinsa. Ƙa'idar kuwa ita ce sai malami ya amince zai duba aikinka kafin ka nemi gurbi. Izinin zamana a ɗaure yake da karatu, hutun da kwalejinmu ta ba ni ma ba zai wuce shekarar ba sai in na nuna an ɗauke ni. In na sami gurbin nan na zauna, in na rasa shi na koma gida da rabin abin da na fito nema.

Na kai wa Alhaji labari, ya gyara zama, ya fara da Hausarsa mai gauraye da Faransanci.

“Bon. Yanzu mi kake son yi?”

Na ce ina tunanin in je in gaishe ta.

“Wala! Ashe kana da hankali. Babba babba ne, ko mace ko namiji, ko Nasara. Ba a tunkarar shi da buƙata kamar mai bara. Ka ɗauki randebu, ta sa maka ranar ganinta, ka tahi da ɗan kado, 'yar tsaraba dai, ka gaishe ta, ka taso. Ita da kanta za ta gane.”

Kada a ce Alhaji ne ya ɓatar da ni. Abin da ya faɗa shi ne abin da ke cikina. Haka na sami aikina a Zariya, haka na sami hutun karatun ma. Ka je gidan babba ka zauna a ƙasa, ka yi gaisuwa, a taɓa hira, ka tashi. Ka sake komawa. Ran nan sai shi da bakinsa ya ce, “Af, Malam Kabiru, ashe ba ka da aiki har yanzu?” Ya ba ka ba tare da ka roƙa ba, girmansa ya ƙaru, kai ma mutuncinka bai zube ba. In kuma ba zai iya ba, bai ce a'a ba, ba ka ji kunya ba. Ni a ganina ba a taɓa ƙirƙiro tsari mai kyau irin wannan ba.

Jirgin ƙasa mai gudu ya fi ƙarfina, don haka bas na bi, wuni guda a zaune har ƙafafuna suka kumbura. A Lyon na sauka wurin Istifanus, ɗan Zonkwa, injiniya, wanda muka yi sakandare tare. Mutumin kirki ne. Kafin in iso ya matsar da teburinsa don in sami wurin salla, ya nemo alƙibla a waya, ya kuma tafi har wata unguwa ya sayo naman da Musulmi ya yanka. Na ce masa na zo ganin farfesa ne, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ofishin Farfesa Helen bai kai rumfar mai shayi ba, littattafai har ƙasa. Na shiga na rusuna, na ce “Farfesa”. Ta ɗaga hannu.

“Don Allah kira ni Helen. A nan babu babba babu ƙarami, duk abokan aiki ne.”

Na ce to, a raina kuwa na ce bakina ba zai iya ba. Na miƙa mata 'yar jakar fata ta dukawan gida da na taho da ita. Ta yi ta juya ta tana yabawa, sannan ta dube ni.

“To, me zan iya yi maka?”

“Babu komai. Gaisuwa kawai na zo.”

“Daga Paris?”

“Daga Paris.”

Ta ce lallai ina da kirki. Muka shiga hira a kan yadda Bature ke jin nauyin kiran kansa "upper class" ko da shi ɗin ne, da yadda kowa ke rububin cewa shi na tsakiya ne. Hira ta yi daɗi ƙwarai. Da na tashi ta rako ni har bakin matakala. Na koma Paris na ba Alhaji rahoto.

“Ta raka ka? Da ƙahwarta?”

“Har matakala.”

“An gama, Malam. Ka fara neman ɗaki a Lyon.”

Da sanyi ya fara sauƙi na sake hawa bas. Wannan karon da dabino na je. Ita da kanta ta haɗa mini kofi, baƙi ƙirin mai ɗaci, na shanye don girmamawa. Ta sake tambayar me za ta yi mini, na sake cewa gaisuwa ce. Amma na ga ya kamata in ɗan buɗe ƙofa. Na ce mata karatuna na Paris ya zo gangara. Na ce iyali suna ta tambayar yaushe zan dawo, ni kuma ban san amsar da zan ba su ba. A Zariya wannan magana daidai take da in hau kan tebur in yi ihu.

“Ayya,” in ji ta, “lallai kana kewarsu.”

Ta nemi ganin hoton yarana, na nuna mata. Na daɗe ina kallon hoton ni ma, don auta ta fara tafiya ba na nan, kuma abin yana ci mini rai. Sai ta ce, “Kana da wani shiri in ka gama?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Sai abin da manya suka ga ya dace.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Na fito ina murna, na ce yau kam ko dutse ne ya ji.

Shiru. Na gama jarrabawa, shiru. Alhaji ya ce manya ba sa gaggawa, in ƙara komawa. Na koma karo na uku. Da yamma muna cin shinkafa da Istifanus sai ya ce, “Wai ni me matar nan ta ce game da gurbin? Ka yi ta zirga-zirga kamar direba.”

Na ce ai ba mu kai nan ba tukuna.

Ya ajiye cokali. “Ba ku kai ina ba?”

“Maganar gurbin. Gaisuwa muke yi.”

“Kabiru. Dube ni. Kana nufin ba ka taɓa ce mata kana so ba?”

“Haba Istifanus, sai ka ce ba ɗan gida ba. Ta yaya zan buɗe baki in roƙi farfesa? Ai ta sani.”

“Ta sani a ina? Duba take yi? Mutanen nan ko ruwa kake so sai ka ce ruwa! Ni da na zo, manajana ya gayyace ni cin abinci, ya ce in ƙara, na ce na ƙoshi ina jiran ya matsa mini, sai kawai ya ɗauke tukunyar. Da yunwa na koma gida. Gobe in ka shiga, kafin ka zauna ka faɗa mata. In ka sake cewa gaisuwa, wallahi kada ka dawo mini gida.”

Da safe na bi bakin kogi ina maimaita jimlar, ni da na koyar da Turanci shekara da shekaru. Gajeriyar jimla ce, amma sai na ji kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Na shiga. Ban iya tsallake gaisuwar ba, na yi ta a gurguje. Sannan na kafa ido a kan wani littafi da ke bayanta na ce, “Ina so ki ɗauke ni a gurbin nan naki. Abin da yake kawo ni ke nan tun farko.”

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur.

“Kabiru, na ba da gurbin. Ba a daɗe ba.”

Ban jira an ce in zauna ba, na zauna.

“Kai na so,” in ji ta. “Tun ranar taron nan. Na riƙe shi ina jiran ka yi magana har aka fara damuna. Sau biyu ina tambayarka me zan yi maka, kana cewa babu komai. Ka yi mini zancen iyalinka, ka ce manya ne za su yanke, na ɗauka shugabanninka na gida kake nufi, suna son ka koma.”

“Ke nake nufi! Wane babba gare ni a ƙasar nan in ba ke ba?”

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ji ta a kunnena. Na ce mata, wane mahaukaci ne zai wuni a bas, kai da kawowa, don kawai ya tambayi lafiyar wata? Na ce in tana so na, me ya hana ta faɗa?

Ta ce, “Ban ga ya dace ba. Ni ce ke da iko a kan gurbin, kai ɗalibi ne, baƙo kuma. In na ce ka zauna, ƙila ka kasa ce mini a'a, ka bar 'ya'yanka don kunyata. Ba na so in yi amfani da matsayina in matsa maka.”

Matsayinta! Matar da ta ce mini babu babba babu ƙarami! Ashe ta san hawan da take kai sarai, ta san nawa. Ni na yi shiru don ita babba ce, ita ta yi shiru don ita babba ce, muka zauna muna shan kofi mai ɗaci muna tattauna yadda Turawan Ingila ke ɓoye darajarsu. Wanda ya sami gurbin kuwa wani saurayi ne da ya tare ta a hanya, hannu a aljihu, ya ce yana so. Ta ce ta yi baƙin ciki, kuma na ga alamar da gaske take. Ta ce in jira baɗi. Na ce mata ba ni da baɗi a ƙasar nan. Ta sake rako ni har matakala, ban hana ta ba.

A bas ban ci ba ban sha ba. Haushinta nake ji, da na Alhaji, da na Istifanus da bai tambaye ni tun zuwan farko ba, da na duk littattafan da na haddace waɗanda suka koya mini sunan kowane hawa amma ba su gaya mini yadda ake magana daga wannan zuwa wancan ba. Can kuma sai haushin ya sauka, baƙin ciki tsantsa ya maye gurbinsa, don na tuna sai na kira Hadiza na gaya mata.

Washegari na sami Alhaji a Barbès, a kan kujerarsa bakin ƙofa, jirgi yana ta rugugi a samanmu. Na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu, sannan ya girgiza kai.

“Ka yi gaggawa, Malam.”

“Gaggawa, Alhaji?”

“Ƙwarai. Gaisuwa biyu kaɗai, ta uku ka buɗe baki. Shi ya sa ta ce ta ba wani, don ta nuna maka kuskurenka. Da ka daure ka ƙara ɗaya ko biyu, da ta kira ka da kanta.”

“Alhaji, matar nan da bakinta ta ce jira take in tambaya.”

“Haka za ta ce mana. Abokin nan naka na Lyon shi ya ɓata maka abu.” Ya rage murya, ya nuna cikin shagon da haɓa, inda mai shagon ke danna waya bai ko san muna yi ba. “Dube ni nan. Tun wannan shina goye nike aiki wurin ubanshi. Kullum sai na gaishe su, shi da uban, ban taɓa cewa a sa sunana cikin masu shagon ba, ko da rana ɗaya. Sun san abin da nike so. Lokaci ne bai yi ba.”

Na dubi farin gemunsa, na dubi kujerar da ta lotsa daidai zamansa. Maganar da ta taso mini na haɗiye ta.

“Alhaji,” na ce, “akwatina ya fashe tun a matakalar ɗakina na farko, ga shi tafiya gida ta taso. Ina ake samun mai ƙarko a kasuwar nan?”

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce kada in sayi komai, akwai nasa a gida, sabo fil, wanda ya saya tun da daɗewa don ranar da zai koma Maraɗi.

“Ɗauka ka tahi da shi,” in ji shi. “Ni ba yanzu ba.”